Gwaggo, Fas Ledin Masu Rake

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggona, yayar mahaifina, ta koma ga Mahaliccinta a ɗakinta na aure a Gubuchi, bayan Allah ya nuna mata 'ya'yan jikokinta. Ina cikin aji a Ikara, alli a hannu, aka bugo mini waya. Kafin in sami mota in isa, an riga an kai ta makwancinta.

Na shiga gidan da niyyar kuka, kuma na yi. Amma ban taɓa ganin zaman makoki irin wannan ba. Mata sun cika tsakar gida har bakin rijiya, waɗansu daga Kudan, waɗansu daga Makarfi, ga matan rugage sun jera ƙoren nono a gindin bango, sun ce yau ba na sayarwa ba ne. Sai mace ta shigo tana hawaye, ta durƙusa ta yi gaisuwa, a ce mata sai haƙuri, ta nemi gefen tabarma ta zauna. Ba a jimawa sai ka ji ta ce, "Kun tuna ranar da Gwaggo ta..." Kafin ta ƙarasa, wata ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Har liman ya aiko ƙanin mijinta daga zaure ya ce wa mata su tuna inda suke. Dattijon ya tsaya a bakin ƙofa, ya ji labari ɗaya, ya koma yana share ido, kuma ba hawayen kuka ba ne. Daga baya muka ji cewa a zauren ma liman ne ya ba da labarin da ya fi ba maza dariya.

Da la'asar wani tsoho mai farin gemu ya nemi izini ya gai da mata daga soro. Ya ce, "Ni ne direban da ya tuƙa ta shekara da shekaru. Ko da yake, tsakani da Allah, ita ce ta tuƙa ni. Ni sitiyari kawai nake riƙewa."

A nan na ƙudurta zan rubuta abin da na sani. Jikokinta da suka tashi a Zariya da Kaduna ba su san komai ba sai wata tsohuwa mai rediyo a cinya, wadda ke cusa musu mazarƙwaila a aljihu. Ina so su san wadda aka yi.

Mijinta, wanda muke kira Baba Alhaji, ya taɓa zama shugaban ƙungiyar manoman rake da masu dafa mazarƙwaila na yankinmu, tun daga Ikara har Makarfi da Kudan. Ba sarauta ba ce, ba kuma gwamnati ba. Amma a ƙasar da rake ne ke aurar da 'ya'ya, shi ke kai mutum Makka, wanda ke zama da masu manyan motoci a tsai da farashi, ya raba taki, ya sasanta rigimar injin matse rake, ba ƙaramin mutum ba ne. A lokacin kuwa rediyo ba shi da labari sai na matan shugabannin ƙasa da tarurrukansu. Sai wani mai barkwanci a kasuwar Makarfi ya hango Gwaggo tana taya daddawa, ya ɗaga murya ya ce, "A ba Fas Ledi hanya!"

Da ta dawo gida ta tambayi 'yarta abin da kalmar ke nufi. Aka ce mata, mace ta farko.

"Ta farko kuma?" in ji ta. "To ina aka kai Nana Hauwa'u?"

Sunan dai ya bi ta har kabari. Tun tana ɗaure fuska har ta koma amsawa. In aka yi sallama aka ce Fas Ledi na nan, sai ta ce, "Tana nan tana tsince wake, ku shigo ku taya ta."

Gajeruwa ce, mai ƙaramin jiki, da murya da ake jiyowa daga gida uku. Ba ta zama a kujera. In an gayyace ta taro aka nuna mata ta gaba, mai laushi, sai ta gode, ta shimfiɗa ɗan buzunta a tsakiyar mata. Tana cewa daga sama kawunan mutane kawai ake gani, a ƙasa ake jin abin da ke damunsu. Wata surukarta ta kawo mata jakar hannu mai ƙyalli daga Kano don ta riƙa fita da ita kamar matan manya. Ta kuwa riƙa fita da ita. Ranar da na buɗe jakar ina neman allura, goro na samu a ciki, da ƙullin kanwa, da reza sabuwa, da man zafi, da takalmin jariri ƙafa ɗaya da ta tsinta a hanya tana cigiyar mai shi.

Sau ɗaya aka taɓa miƙa mata lasifika, a wani taron mata a Ikara. An yi ta jawabi tun hantsi har rana ta take, kulolin abinci na jere a gefe, yara na kuka a bayan iyayensu. Da aka ce uwargidan shugaba za ta yi magana, ta karɓa, ta hura a ciki, ta ce, "Ana jina? To shinkafar nan tana hucewa. A zuba wa masu goyo tukuna." Jawabin ke nan. Ba a tafa wa kowa ranar kamar yadda aka tafa mata ba.

Haka take yi da masu rigima. Mutum biyu za su zo wurin Baba Alhaji suna huci a kan iyakar gona ko ruwan fadama. Kafin su buɗe baki an ajiye musu tuwo a kwano ɗaya. Kwano ɗaya, ba biyu ba. Takan ce, "Ciki da yunwa ba ya sulhu." Sau da yawa kafin a wanke hannu rabin shari'ar ta ƙare, Baba Alhaji ya yanke sauran, a fita ana yabon hikimarsa. Ita kuwa tana ciki tana kankare tukunya.

Ba zan ce ba ta da nata ba. Bakinta reza ne, kuma ba ta san abin da ake kira ba ruwana ba. Ta haɗa aure da dama, waɗansu sun yi albarka, ɗaya kuwa bai kai girbin dawa ba, amma har ta rasu tana cewa laifin ruwan garin ne. Kyautarta ma ba ta tsaya a kan kayanta ba. Na taɓa zuwa hutu na shanya sabon zanena a igiya, da yamma na gan shi a jikin wata baƙuwa mai jego. Na zo ina kumbure-kumbure. Ta dube ni ta ce, "Malama, ke da kike da albashi? Ki gode Allah da ya sa zanenki ya fi ki samun lada."

Abin da ya sa sunanta ya zaga ƙauyuka shi ne mota. Ƙungiya ta sayi farar a-kori-kura don ɗaukar taki da kai shugaba taro. Wata rana da damina, da hantsi, Baba Alhaji ya sha babbar riga zai tafi Ikara ganawa da manyan ma'aikata, direba ya riga ya ta da mota. Sai ga wata Bafulatana ta faɗo gidan a guje, ƙafafunta duk laka. Matar ɗanta ce ke naƙuda tun jiya, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta.

Gwaggo ta shiga ɗaki ta kinkimo katifarta, ta fito ta jefa a bayan mota, ta kama ƙarfe ta haye.

Baba Alhaji ya ce, "Hajiya, manya fa na jirana."

Ta ce, "Manya sun iya jira, Alhaji. Wannan da ke tafe bai iya ba. Direba, mu je ruga."

Direba ya dubi maigidansa, ya dubi matar maigidansa, ya sa giya. Shugaban manoman rake na ƙananan hukumomi uku a bayan ɗan acaɓa ya isa taro ranar, babbar riga ta sha taɓo har gwiwa. Yarinyar kuwa an kai ta asibiti a kan lokaci, ta sauka lafiya, aka sami 'ya mace.

A zaman ƙungiya na gaba aka yi ta gunaguni. Mota ta rake ce, ba ta haihuwa ba, in an fara haka ina za a tsaya? Gwaggo ba ta zuwa taron maza, ba ta kuma aika musu da ko kalma ɗaya ba. Mayafinta ta ɗauka ta shiga zumunci. Yau tana Kudan barkar suna, gobe tana Makarfi duba marar lafiya, ko'ina ta zauna da matan gida a yi hira a ci gyaɗa. Da aka sake zama aka ta da maganar mota, sai kowa ya hau kallon na kusa da shi. Can wanda ya fi kowa zafi a zaman baya ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, a gida an ce in ce na yarda."

Daga ranar ta zama doka: mai naƙuda tana gaba da taki, tana gaba da shugaba. Ban san yawan matan da motar nan ta ɗauka ba, kuma ba wanda ya ƙirga. Na dai san in ka shiga ƙauyukanmu ka kira sunan Gwaggo da ƙarfi, mata da yawa za su waiwayo. Ba ta iya rarrabe su, duk takwara take ce musu. Jaririyar farko ta ruga tana cikin masu zaman makoki, doguwa, da nata goyon a baya. Ita ce ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya, ta zauna a ƙofar ɗakin Gwaggo ta ƙi matsawa.

Sai maganar yaji, wadda na gani da idona, don a gidanmu aka yi ta.

Tun kafa ƙungiya an yi alkawari cewa shugaba zai yi zango biyu ya sauka, shugabanci ya zaga. Baba Alhaji ya yi nasa biyun, kuma ya yi da kyau, layi ya zo kan mutanen Kudan. Sai masu daɗin baki suka kewaye shi. Wa zai iya in ba kai ba? Masu motoci kai kaɗai suke jin tsoro. Ana faɗa masa safe da yamma har ya fara jin gaskiya ne. Mutanen Kudan suka ce in aka karya alkawari za su ɓalle su kafa tasu. Kowa ya san abin da hakan ke nufi: masu saye za su riƙa buga wannan da wancan, rake ya faɗi warwas, mota kuma a yi ta shari'a a kanta har ta ruɓe a tsaye. Ranar wata kasuwa har an kai ga dambe tsakanin matasa, aka fasa wa wani yaro ɗan Kudan goshi, ɗan ƙanwar Baba Alhaji ne ma ya fasa masa.

Gwaggo ta yi masa magana a ɗaki, ba sau ɗaya ba. Ya ce mata wannan harkar maza ce.

Ina budurwa a lokacin, muna gidanmu a Furana. Da azahar muna sussukar masara sai muka ji tsayuwar babur. Ga Gwaggo ta sauko, ƙullin kaya a ka, rediyo a hammata. Mahaifina ya miƙe da sauri.

"Yaya, lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Yaji na yi."

Mahaifina ya dube ta, mace mai furfura, mai jikoki har da na aure, ya fashe da dariya har ya dafa rumbu. Ita ko gezau. Ta ce, "In ka gama, a share mini ɗakin Inna." Da ya ga da gaske take, ya haɗiye sauran dariyar ya sa aka share.

Labari ya riga iska. Matar da ta mai da 'ya'yan mutane ɗakunansu ba adadi, yau ita ce a gidan ƙaninta. Mata suka fara tururuwa zuwa Furana, masu kawo ƙorafi da masu zuwa kallo. Gidanmu ya koma kasuwa. A Gubuchi kuwa, kamar yadda muka ji, zauren Baba Alhaji ya fara yin fili. Masu rigima suka daina zuwa, don ba tuwo a kwano ɗaya. Masu daɗin bakin ma suka ragu, ashe da yawansu miyar Gwaggo ce ke kawo su. Matan 'yan ƙungiya kuma kowace ta sa mijinta a gaba da tambaya ɗaya: me kuka yi wa Gwaggo?

Baba Alhaji ya aiko ƙaninsa biko. Ta ba shi fura, ta tambayi iyali, ta sallame shi. Ya aiko liman. Ta yanka masa zakara, ta saurari wa'azinsa a kan haƙurin zaman aure har ƙarshe, sannan ta ce, "Allah ya gafarta Malam, karatun ya yi daɗi. In ka koma ka biya ta wajen Alhaji ka yi masa na cika alkawari." Wannan ne labarin da liman ya ba maza a zaure.

Ran nan da safe sai ga farar mota a ƙofar gidanmu. Baba Alhaji da kansa. Mahaifina, wanda Baba Alhaji ya girme shi nesa ba kusa ba, ya gyara hula ya zauna a kan buzu ya zama suruki, ya bar shi ya gaishe shi yadda ake gai da surukai. Mu kuwa muna laɓe a bayan zana, ni da ƙannena da mahaifiyarmu, kowa ya danne numfashi. Aka kira Gwaggo. Ta zo ta zauna daga bakin ƙofa, ta juya gefe kamar amarya.

Baba Alhaji ya ce, "Hajiya, kin mai da ni abin dariya a gari."

"Dariya ba ta fasa goshi, Alhaji."

Ya ce, "Mutane ne suka ce in ci gaba."

"Waɗanne mutane? Waɗanda suka ce ka ci gaba, ina suke yau? Ni na wanke wa yaron nan na Kudan ciwonsa. Uwarsa a motarka aka kai ta haihuwarta ta ƙarshe. Ta dube ni, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Ka hau lafiya, mutane na sonka. Wanda bai iya sauka daga doki ba, ai bai gama koyon hawa ba."

Ya daɗe yana murza carbi. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka, ba irin wadda muka saba ji ba. Ya ce, "To in na sauka, me zan zama?"

Sai a lokacin ta juyo ta dube shi. Ta ce, "Mijina. Da ma shi ka fara zama."

Mahaifiyata ta damƙe hannuna har ya yi mini zafi. Mahaifina ya sunkuyar da kai yana gyaran buzun da ba abin da ya same shi. Baba Alhaji ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar, ya yi wata 'yar dariya. Ya ce, "Ɗauko kayanki."

Ta ce, "Sai ka faɗa a gaban jama'a."

Ya kuwa faɗa. A zaman da ya biyo baya ya miƙe ya ba mutanen Kudan haƙuri, ya kama ɗan ƙanwarsa ya kai shi har gidan yaron da aka fasa wa goshi. Aka zaɓi mutumin Kudan, Baba Alhaji ya miƙa masa makullin mota da hannunsa. Washegari sabon shugaba ya turo motar zuwa Furana ta ɗauki Gwaggo, matan Kudan cike a baya suna guɗa. Haka aka mai da ita Gubuchi kamar ranar da aka fara kai ta. Mahaifina ya bi su da buhun masara, wai gara ce. Ƙungiyar tana nan har yau, shugabanci na zagawa, kuma kowace matar sabon shugaba sai ta zo Gubuchi ta gai da Gwaggo kafin ta yarda a kira ta da wani suna. Abin da take gaya musu bai wuce ɗaya ba: "Ki bar ƙofar gidanki a buɗe, ki bar tukunya a wuta. Sauran zai zo da kansa."

Ganina na ƙarshe da ita a farkon kakar raken nan ne. Jiki ya yi rauni, ba ta fita, amma bakin na nan. Na same ta a kan tabarma a inuwar ɗaki, Baba Alhaji a gefenta a kan kujerar roba, shi ma tsufa ya rusuna da shi, ido ya yi hazo. Muna hira sai iska ta kawo ƙanshin mazarƙwaila daga inda ake dafawa a bayan gari. Ta lumshe ido ta ce tana marmarin rake.

Na ce, "Gwaggo, da wane haƙorin?"

Ta ce, "Ke dai Malama akwai tambaya."

Na tashi zan nemo, Baba Alhaji ya ce in zauna. Ya dogara sanda ya fita da kansa, ya dawo da kara ɗaya. Ya ce a ba shi wuƙa. Na so in karɓa, ya hana. Ya fere, ya yayyanka ƙanana, ya sa a ɗan turmi ya daddaka, ya zuba a tsumma mai tsabta ya matse a kofi. Ya daɗe yana yi. Ruwan bai kai rabin kofi ba. Ya tallafo kanta ya ba ta, ta kurɓa a hankali.

Ya ce, "Hajiya, duk shekarun da na yi ina shugabancin rake, ban taɓa fere miki ko gaɓa ɗaya ba."

Ta lashe leɓe, ta leƙa ɓawon da ke ƙasa, ta ce, "Ga alama kuwa. Dubi yadda ka zubar da rabi a ɓawo."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ita ma tana yi, ni ma ina yi ina share ido. Da suka lafa sai ta miƙa masa kofin da ɗan abin da ya rage, ta ce, "Shanye. Ya yi zaƙi."

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta. Yadda ta buɗe ƙofarta ga bayinsa, Allah ya buɗe mata tasa. Ya ba Baba Alhaji haƙurin zama a gidan da ya yi masa shiru, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.